Renon Ƙudan Gwamnati

Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, ina jin abin da kuke faɗa in na ba da baya. Wai duba 'ya'yan itace ba sana'a ba ce, tsayuwa ce kawai a filin jirgi da farar riga, ka karɓe wa matafiyi tuffa, in ya wuce ka goge ta a hannun riga ka kai baki. To ku gyara zama. Ni ne Sule, wanda mutanen Tudun Wada suke kira Sule Mai Ƙuda ko a gaban jikokinsa, kuma yau zan gaya muku inda sunan ya fito, tun da na ga alama ku ma haka kuke kirana a ɓoye.

Da wankin kwalba na fara. Ofishinmu a lokacin ɗaki biyu ne da baranda a Nassarawa, can bayan gidajen Turawa, unguwar da ko kare ba ya haushi sai an ba shi izini. Shugabanmu wani Bature ne dogo mai jan wuya da muke kira Baturen Ƙwari, don in yana tafiya ya hangi ƙwaro a ƙasa sai ya durƙusa masa kamar ya ga surukinsa. Mataimakinsa shi ne Malam Yakubu, mutumin Zariya, Kirista, ya yi karatun aikin gona, kuma bai san wasa ba. Shi ya koya mini aiki. Damina guda cur ban taɓa ko lemon tsami ba. Kwalabe nake wankewa, in ɗauraye, in kife a rana, ya zo ya ɗaga ɗaya ya kalli sama ta cikinta ya ce, "Sule, wannan wanke ta ka yi ko gaishe ta?" Sai in sake daga farko.

Sai da ya ga hannuna ya faɗa sannan ya ba ni kayan aiki: wuƙa 'yar siririya, hantsaki, baƙin faranti, da wani ɗan madubi mai ƙara girman abu da ake ratayawa a wuya kamar laya. Ku da kuke kama lemo ku tsarge shi kamar masu talla a tasha, ku saurara. Ba da wuƙa ake farawa ba. Juya shi za ka yi a hannu cikin haske, ka nemi ɗan tabo kamar cizon sauro, inda ɓawon ya ɗan yi laushi. Ka matsa da babban yatsa. In ruwa ya tsatso ta ƙofar da ba kai ka huda ba, to wani ya riga ka shiga. Sannan ka sansana, sannan wuƙa. A kan baƙin faranti ake yankawa don tsutsar da muke nema fara ce, kamar ƙwayar shinkafa, kuma ba ta da kunya. Haɗa kai da wutsiya take yi ta buga tsalle. In ka yi sake sai ka ga kana rarrafe a ƙarƙashin tebur kana neman ta, matafiya suna kallon gindin wandonka.

Ranar jirgi mukan tashi daga Nassarawa da kekuna mu tafi fili. A zamanin duk jirgin da zai gangara kudu sai ya sauka Kano ya sha mai, don haka babu irin mutumin da ban tsayar ba. Akwai wata Baturiya da ta sauko da kwandon tuffa, na ce mata ba zai shiga ba. Ta juya wajen Malam Yakubu ta tambaye shi ko doka ta hana tuffar da take cikin ciki. Ya ce a iya saninsa ba ta hana ba. Matar nan ta zauna a kan akwatinta tana ci tana hararata har idonta ya raina fata, sannan ta tara ragowar ta miƙo mini da hannu biyu ta ce in je in ƙona. Wani alhaji kuma da ya biyo ta Sudan da kwandon lemo, tsarabar iyali, ya biyo ni har bakin ramin da muke ƙonawa. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Yaro, tun da nake ban taɓa ganin ɗan Musulmi yana zuba wa abinci kananzir ba." Wannan ƙonawar ita ta fi ci mini rai a aikin nan, kuma har na bar aiki ban saba da ita ba.

Shekarar wahala ita ce shekarar da za a ba mu mulkin kai. Akwai wata ƙasa a bakin Bahar Rum da take aiko mana da lemo a jirgi, manya-manya masu santsi, kowanne an naɗe shi a takarda kamar jariri, ana sayarwa a kantunan Turawa. A ofis Ƙasar Lemo muke ce mata, ni ma haka zan ce. Mu kuma lokacin aka fara gwada aika musu da mangwaro mai aure daga lambunan Kano, manya suna ta murna wai ƙasa ta sami abin fitarwa ban da gyaɗa da fata. Ana cikin haka, ƙarshen damina, jirgi ya sauke akwatunan lemo. Na ɗauki ɗaya daga tsakiyar akwati, na juya, na matsa, ruwa ya tsatso. Na yanka. Sai ga ta kwance a ciki, fara sol, ta ci ta ƙoshi.

Malam Yakubu ya leƙa da madubinsa, ya rufe siton da aka ajiye akwatunan da kwaɗo ya sa makullin a aljihu. Kafin la'asar an buga waya Ikko, kafin kwana biyu an hana lemon Ƙasar Lemo shigowa ƙasar nan gaba ɗaya. Su kuma suka ce ƙarya ne, lemonsu ba ya tsutsa, so muke mu kashe musu kasuwa don masu lemon kudu su sayar da nasu mai kore. Suka ce tun da haka ne, mangwaronmu ma ya dakata. Waya ta tafi, waya ta dawo. Abin da ya ɗaure wa kowa hannu shi ne, tsutsa ba ta da fuska. Duk tsutsar ƙudan 'ya'yan itace kama ɗaya suke, sai ta zama ƙuda, an ga zanen fiffikensa, sannan a san ko ɗan wace ƙasa ne. Aka yanka sauran lemon akwati bayan akwati, ba a sami ko ƙanwarta ba. Ita kaɗai ce shaida. Aka shirya cewa masanin ƙwari na Ƙasar Lemo zai zo Kano da wakilinsu ya gani da idonsa.

Baturen Ƙwari yana ɗaure kayansa, wa'adinsa ya kusa, Malam Yakubu ne zai gaji kujera, kuma an riga an ce za a rage ma'aikata. Malam Yakubu ya kira ni baranda. Ga wata babbar kwalba mai faɗin baki a kan tebur, an zuba yashi a ƙasanta, an ɗora rabin lemon a kai, an ɗaure bakin da farin ƙyalle.

Ya ce, "Sule, kai ka gano ta, kai za ka rene ta. Za ta ci ta ƙoshi, ta sauka cikin yashi ta naɗe, ta fito ƙuda. Masu feshin sauro suna bin Nassarawa gida-gida a makon nan, ba za ta zauna a nan ba. Ka tafi da ita gidanka."

Na ce, "Malam, gidana kuma?"

Ya ce, "Gidanka. Ka ji ni da kyau. In ta mutu, ni na ji kunya a gaban ƙasa biyu, kai kuma ka ajiye farar riga ka koma ƙauyenku."

Ƙauyenmu ta wajen Bichi yake, kuma gonar ubanmu in aka raba mana gado, kasona ba zai ishi jaki birgima ba. Ban daɗe da aure ba, na kama ɗaki biyu a Tudun Wada. Don haka da na ɗaura kwalbar nan a bayan keke, na san tuwona da na iyalina na ɗaura.

Renon tsutsa ya fi renon ɗa, don ɗa in yana jin ciwo zai yi kuka. Maƙiyanta kuwa ba iyaka. Kiyashi ne na farko. Na ɗora kwalbar a kan ɗan tebur, na tsoma ƙafafun teburin a gwangwanaye masu ruwa, na janye shi daga bango don kada tsaka ta diro. Rana ba za ta taɓa ta ba, sanyi ma haka. Yashin ba zai bushe ƙurmus ba, ba zai jiƙe sharkaf ba, da ɗan yatsa nake ɗiga masa ruwa. Na hana turaren wuta a ɗakin, na hana hayaƙin ganyen da ake kora sauro da shi, muka zama abincin sauron Tudun Wada ni da matata Asabe. Zakaran maƙwabcinmu ya taɓa leƙowa ya karkata kai ya kalli kwalbar da ido ɗaya. Ranar na bi shi da taɓarya har zaure, ni da ban taɓa faɗa da kowa ba a unguwar.

Asabe da farko ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa. Ta ce, "Malam, mene ne wannan ka kawo mana?"

Na ce, "Baƙo ne. Daga ƙetaren teku ya zo, a jirgin sama. Gwamnati ta ba ni amanarsa."

Da wasa na faɗa. Na manta da wadda nake magana da ita. Asabe 'yar gidan fatake ce, ta tashi a gidan da zaurensa ba ya rabo da baƙi, inda uwarta take hana su tuwon dare in wani ya sauka da magariba. Ta matso ta leƙa, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Allah sarki, ga nisan gida." Daga ranar in zan fita fili sai in ce ta sa ido, ita kuma ta ce in tafi kawai, baƙo yana hannunta.

Unguwa kuwa ta ɗauka. Mutum ya dawo daga wurin Turawa da kwalba a lulluɓe da farin ƙyalle, ya hana turare, ya hana a shiga ɗaki, yana tashi da asuba yana leƙa ta yana motsa baki. Me kuke so a ce? Aka ce Sule ya samo kwankwamai, aljanun dukiya, Bature ya bar masa gado tun da zai tafi. Mahauci ya fara ƙara mini tsoka ba na tambaya. Masu gaishe ni daga zaune suka koma miƙewa. Mai unguwa ya aiko in je, ya kore mutane daga zaure, ya rage murya ya ce, "Malam Sule, mu nan unguwar talakawa ce, muna da yara ƙanana. Abin nan da kake ajiye da shi, me yake ci?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, lemo."

Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To alhamdu lillahi, da sauƙi."

Na yi masa bayani tiryan-tiryan, tsutsa ce, ƙuda za ta zama, ƙasa biyu suna jira. Ya saurare ni har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya dafa kafaɗata ya ce ya gane, ba sai na faɗi gaskiya ba, in dai abin ya fara bayarwa kada in manta rufin masallaci yana yoyo.

Lemon ya fara ruɓewa, ya yi baƙi, ya yi gashi, ɗakin ya ɗauki wari. Malam Yakubu ya ce kada a taɓa, haka take so. Wata safiya na leƙa ban gan ta ba. Na tona yashin a hankali da tsinke, sai ga ta ta naɗe ta zama ja-ja kamar ƙwayar alkama. Na mayar da yashi na rufe. Daga nan sai jira. Ina zuwa aiki kamar kullum, gadinan gidan Baturen Ƙwari yana cika mini aljihu da gwaibar da ta zubo a lambu, tun da maigidan ya daina kula da komai sai akwatunansa, ni kuma in kawo wa Asabe tsaraba. Baƙin sun iso Kano, an sauke su a Nassarawa, kullum sai sun aiko a tambaya. Malam Yakubu ya rame. In muka haɗa ido da safe ba ya gaishe ni, gira kawai yake ɗagawa, ni kuma in girgiza kai.

Ranar da ƙudan ya fito, bayan sallar asuba ne, gari ya fara haske. Na ɗaga ƙyallen, sai ga shi a jikin gilashi yana miƙa fiffike. Bai kai ƙudan gida girma ba, amma ya fi shi ado nesa ba kusa ba, fiffike mai zane-zane ruwan ƙasa da rawaya, ido yana walƙiya, yana tafiya yana ɗaga kafaɗa kamar ɗan sarki. Wallahi na ji daɗin da ban ji ba tun ranar da aka ɗauke ni aiki. Na kira Asabe ta gani, ta yi masa barka da arziki. Na jiƙa auduga da ruwan sukari na sa masa, na lulluɓe kwalbar da zane, na aika wa Malam Yakubu. Ya aiko cewa in kawo shi gidan Baturen Ƙwari bayan azahar, kowa zai hallara.

Ban hau keken ba, tura shi na yi tun daga Tudun Wada har Nassarawa, don kada gargada ta jijjiga shi. Rana ta take, kwalbar ta yi ɗumi a cikin zane. Mutanen unguwa suka fito ƙofar gida suna kallo, wata tsohuwa har da addu'a.

A barandar gidan an jera kujeru. Ga Baturen Ƙwari, ga Malam Yakubu ya sha kwat da wannan zafin, ga wakilin Ƙasar Lemo, wani gajere mai ƙiba yana fifita da hula, ga masaninsu, tsoho mai gemun akuya da akwatin allurai a cinya. Malam Yakubu ya miƙe ya yi jawabi da Turanci. Ban ji duka ba, amma na ji inda ya ce tsutsa guda aka samu a lemonsu, tsutsa guda aka sa a kwalba a gaban shaidu, yanzu kuma za su ga ƙuda guda. Ya juyo ya ce da Hausa, "Sule, buɗe."

Na yaye zanen.

Kwalbar tana ta zirga-zirga. Wani a jikin gilashi, wasu a kan ƙyalle, biyu suna kokawa a kan audugar sukari, wani ma yana fitowa daga yashi a gaban idonmu yana karkaɗe jiki. Ban tsaya ƙirgawa ba, yatsun hannu ɗaya dai ba za su isa ba.

Wakilin ya daina fifita. Malam Yakubu ya dube ni, ya dubi kwalba, ya ce ƙasa-ƙasa, "Sule, haihuwa ta yi?"

Na ce, "Malam, wallahi da asuba shi kaɗai ne."

"To waɗannan fa?"

"Ko 'yan rakiya ne."

Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Baturen Ƙwari yana jin Hausa, ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Tsohon mai gemu bai yi dariya ba. Ya zura musu wata auduga mai wari, suka zube gaba ɗaya, har da nawa na asuba, wanda ban iya nuna shi a cikinsu ba. Ya soke kowanne da allura ya jera su a kan toto, ya bi su da madubi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce iri ɗaya ne duka, kuma lalle irin da ake samu a ƙasarsu ne. Malam Yakubu ya fara gyara wuyan kwat. Sai tsohon ya juye yashin a faranti yana bajewa da hantsaki, ya tsinto wani abu ɗan ƙarami mai tauri ya ɗaga sama. Ya tambaya ko a ƙasar nan lemo yana da irin wannan ƙwallo.

Ƙwallon gwaiba ne. Ni na fara ganewa, kuma nan take na san hannun da ya sa shi. Idona ya tafi da kansa kan bishiyar da take gefen baranda, kowa ya bi idona. Tsohon ya sauka a hankali, ya tsinci gwaiba ɗaya da ta faɗo, ya ɓare ta da yatsa. Wata fara ta haɗa kai da wutsiya ta yi tsalle ta dira a kan takalmin wakili.

Abin da ya biyo baya ba sai na ja ku da nisa ba. Wakilin ya ce ta yaya za mu hana lemonsu saboda ƙudan da yake kiwo a lambun shugaban masu hanawa. Ya ce ma wa ya sani ko a sitonmu na Kano uwar tsutsar ta sami lemon. Aka buɗe wa lemonsu hanya. Muka ce to mangwaronmu fa? Suka ce a'a, ai yanzu sun gani da idonsu muna da ƙuda. Muka ce ai ku ma kuna da shi, masaninku ya faɗa. Suka ce nasu ana fesa masa magani, yana da tarbiyya, namu sakaka yake, kuma ga shi ya fi nasu ƙiba. Ba za su karɓi mangwaro ba sai an riƙa tsince duk abin da ya faɗo a lambunan Kano ana binnewa. A ranar na gane cewa rigimar ƙasashe a kan ƙwaro, ƙwaron shi ne ƙaramin mai laifi a ciki.

Da baƙi suka tafi, Malam Yakubu ya cire kwat ya rataye a kujera, ya zauna ya daɗe yana kallon ƙasa. Ni na riga na fara ɓalle maɓallin farar rigata. Ya ɗago ya ce, "Me kake yi?"

Na ce, "Malam, ka ce in ta mutu in ajiye."

Ya ce, "Ta mutu ne? Ai ƙaruwa ta yi." Ya nuna ni da yatsa. "Korarka sauƙi ce gare ka. Ka ji sharaɗin da suka kafa. Daga gobe za ka ɗauki buhu da shebur, ka bi lambunan Nassarawa da Giginyu gida-gida, duk gwaiba da mangwaron da ya taɓa ƙasa ka tsince ka binne. Kai ka tono mana su, kai za ka rufe."

Horo ya yi nufi. Amma aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai da aka ɗauki wasu, ni na zama babbansu, ofishin da za a rage ya koma ana ƙara masa ɗaki. Wannan kujerar da kuke zaune a kai kuna cewa aiki ba wuya, daga ramin gwaiba ta fito. Ƙuda ɗaya na rena a duniya, sauran shekaruna duka na yi su ina binne danginsa.

Da yamma na tura keke na koma gida da kwalba wayam. Mai unguwa ya hango ta ba zane, ya kau da kai, ya san rufin masallaci sai wani jiƙon. Na shiga na tarar da Asabe tana tankaɗe. Na ajiye kwalbar a gabanta na ce, "Asabe, me kika riƙa sa wa a cikin nan?"

Ta ce, "Gwaiba mana. Wadda ta fi nuna nake zaɓa."

"Tun yaushe?"

"Tun da lemon ya fara wari. Haba Malam, baƙo ya taso daga wata duniya, a ajiye masa ruɓaɓɓen abu a gabansa a ɗakina? Me za a ce da ni? In ka fita sai in sa masa, kafin ka dawo na kwashe kwano."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, "Yaushe aka fara ba maigida labarin an ba baƙo abinci?"

Na zauna a kan turmi. Faɗan da na ƙullo tun daga Nassarawa ya kwance, na rasa ta inda zan kama. Na gaya mata duk abin da ya faru, da 'yan gidan da suka biyo gwaiba, da lemon da aka buɗe wa hanya, da mangwaron da aka rufe wa, da buhu da shebur. Da na kai ƙarshe ta ce, "Shi baƙon fa, yana ina?"

Na ce, "An soke shi da allura."

Ta ajiye rariya ta yi salati. Can ta ce, "Su 'yan gidan an sake su?"

Na ce, "Duka aka soke. Masanin da ya zo daga ƙasarsu ya duba da madubi, ya kasa gane wane ne baƙo wane ne ɗan gida."

Asabe ta share ido da gefen mayafi, ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe.

Ta ce, "To alhamdu lillahi. Ashe dai na riƙe shi da kyau."